Fashin baƙi kan cire mai jifa a wasan besbol: laifin koci ne ko na lissafi?

A daren 27 ga Oktoban 2020, a filin wasa na Globe Life da ke Arlington a jihar Texas ta Amurka, kocin ƙungiyar Tampa Bay Rays, Kevin Cash, ya fito daga rumfar 'yan wasa ya nufi tudun da mai jifa yake tsayawa, ya miƙa hannu ya karɓe ƙwallo daga Blake Snell. Wasa na 6 ne a gasar World Series, wato karawar ƙarshe ta cin kofin besbol inda ƙungiyar da ta fara cin wasa 4 take ɗaukar kofi, kuma Los Angeles Dodgers ta riga ta ci wasa 3, Rays na da 2, saboda haka idan Rays ta faɗi a wannan daren to kofi ya tafi. A lokacin Rays ce a gaba da maki 1 da nema. Snell ya yi jifa 73 ne kacal, ya kayar da masu bugu 9 ba tare da sun iya buga masa ƙwallo cikin fili ba, kuma sau 2 kawai aka yi masa bugun da ya kai mai shi tasha, wato ɗaya daga cikin wurare uku da ɗan wasa ke bi a jere kafin ya dawo gida ya ci maki. Manyan masu bugun Dodgers guda uku, wato Mookie Betts da Corey Seager da Justin Turner, kowannensu ya tsaya gabansa sau biyu, kowannensu ya koma rumfa sau biyu hannu rabbana. Da Snell ya hango kocinsa tafe, kyamara ta nuna shi ya kau da kai yana ƙunƙuni cikin ɓacin rai.

Abin da ya biyo baya bai ɗauki lokaci ba. Nick Anderson ya karɓi jifa, Betts ya buga masa ƙwallo ta gefen hagu har ya kai tasha ta biyu, sai wani jifa ya kauce wa mai cafewa, Austin Barnes na Dodgers, wanda yake tasha tun kafin a cire Snell, ya rugo gida aka yi kunnen doki, sannan Seager ya buga ta ƙasa Betts ya sheƙo ya ci na biyu. Dodgers ta gama da 3 da 1, ta ɗaga kofin da rabonta da shi tun 1988. Daga baya Betts da kansa ya faɗa wa manema labarai cewa sun ji kamar an sauke musu kaya da suka ga an cire Snell. Har yau idan masu sha'awar besbol suka tashi tayar da jijiyar wuya kan yadda kociyoyi ke sarrafa masu jifa, wannan dare ne yake fara zuwa bakinsu.

Kafin a gane dalilin fushin, dole a san yadda aikin yake. Wasan besbol zango 9 ne, kuma a kowane zango ƙungiya ɗaya tana jifa har sai ta fitar da masu bugu 3, sannan su yi musanye. Mai jifa yana tsayawa a kan ɗan tudu mai nisan ƙafa 60 da inci 6 daga mai bugu, wato kimanin mita 18 da rabi, kuma babu wani abu da zai faru a fili sai ƙwallo ta bar hannunsa. Wanda ya buɗe wasa shi ne mai farawa, yawanci ƙungiya na da irinsu 5 da suke karɓa-karɓa. Sauran masu jifa suna zaune a wani keɓaɓɓen wuri can bayan fili da ake kira bulfen, kalmar da asalin ma'anarta shingen bijimai ce, kuma da wannan suna ake kiran su kansu mutanen gaba ɗaya. Akwai wayar tarho tsakanin rumfar koci da wannan shinge, da ita ake cewa wane ya tashi ya fara ɗumama hannu. Dokar da ta sa al'amarin ya yi nauyi ita ce, duk wanda aka cire ya ciru ke nan har ƙarshen wasa. Mai kallon ƙwallon ƙafa ya san zafin ganin an cire ɗan wasan da ke taka leda da kyau, to amma a can mutum ɗaya ne aka taɓa cikin 11. A besbol kuwa mutumin da duk wasan ya rataya a wuyansa ne ake canzawa, kuma a wasannin yau akan yi haka sau uku ko huɗu a dare guda.

Hujjar da Cash ya bayar ita ce, ba ya son Betts da Seager su ga Snell a karo na uku. Wannan magana tana da tushe mai ƙarfi, kuma masu zaginsa da yawa ba su tsaya sun duba ta ba. Masu bugu 9 ne a jere, idan na tara ya gama sai a dawo kan na farko. Masu nazarin alƙaluma sun daɗe da lura cewa, idan aka tattara dubban wasanni, mai jifa yana fin ƙarfin masu bugu a haɗuwar farko, ƙarfin ya ɗan ragu a ta biyu, sannan ya ƙara raguwa a ta uku. Ana muhawara kan musabbabin, ko gajiya ce ko kuwa idon mai bugu ne ya saba da yadda ƙwallon ke fita daga hannun mutumin da yadda take lanƙwasa, amma kasancewar abin ba a cika musunta shi ba. Wani abin da ya fi ɗaure kai shi ne, binciken ya nuna cewa ƙwazon da mai jifa ya nuna a zangunan farko ba ya ba da tabbacin abin da zai yi a na gaba kamar yadda ido ke raya wa ɗan kallo. Mutum zai iya zama kamar ba a iya taɓa shi na tsawon awa ɗaya da rabi, sannan ya warware cikin minti biyar.

Snell ɗin ma ya nuna hakan kwanaki kaɗan kafin wannan dare. A wasa na 2 na wannan gasa, ya kai zango na biyar ba a yi masa bugu ko ɗaya ba, sai kwatsam ya ba wani tasha kyauta, Chris Taylor ya buga masa ƙwallo ta tsallake katanga, kuma da Betts da Seager suka dawo a karo na uku duka biyun suka sami tasha, dole aka cire shi. Ƙari a kan haka, a duk kakar 2020 bai taɓa kammala zango 6 a wasa ɗaya ba. Da wannan tsari na saurin cire mai farawa Rays, wadda take cikin ƙungiyoyin da suka fi ƙarancin kuɗin albashi, ta ci wasa 40 cikin 60 a waccan gajeriyar kaka ta annobar korona. Don haka Cash bai ƙirƙiro wani sabon abu a daren ba, abin da ya kawo shi wurin ya maimaita.

Masu cewa ai da an bar gwani ya gama aikinsa suna da gajeriyar tunawa, domin tarihin wasan cike yake da kociyoyin da suka yi abin da ake so ɗin suka kwana ciki. A ranar 16 ga Oktoban 2003, Boston Red Sox tana gaban New York Yankees da 5 da 2 a zango na 8 na wasa na 7, wanda duk ya ci zai je World Series. Pedro Martinez, wanda yake cikin fitattun masu jifa na zamaninsa, ya riga ya haura jifa 100, kuma an fara samunsa. Koci Grady Little ya taka har tudu, kowa ya ɗauka ƙwallo ya je karɓa, sai ya yi magana da shi ya juyo ya bar shi. Hideki Matsui da Jorge Posada suka yi bugu biyu a jere aka koma 5 da 5, Aaron Boone ya ci wa Yankees wasan a zango na 11, kuma kafin wata ya ƙare Boston ta ƙi sabunta wa Little kwantiragi.

Labarin da ya fi dacewa da masu ƙorafi su riƙa tunawa shi ne na 1 ga Nuwamban 2015 a gasar World Series, domin a nan 'yan kallo ne da kansu suka nemi abin da ya cuce su. Matt Harvey na New York Mets ya yi zango 8 bai bari Kansas City Royals ta ci ko maki ɗaya ba, Mets na gaba da 2 da nema. Koci Terry Collins ya yanke shawarar miƙa zango na 9 ga mai rufewa, wato gwanin bulfen da ake ajiyewa don ƙarshen wasa, amma Harvey ya same shi a rumfa ya kafe a kan shi zai koma, filin Citi kuma ya ɗauki kiran sunansa baki ɗaya. Collins ya sassauta. Harvey ya ba Lorenzo Cain tasha kyauta, Eric Hosmer ya buga masa mai nisa, Royals ta farke makin biyu, ta ci 7 da 2 a zango na 12 ta tafi da kofi. Koci a irin wannan hali yana tsakanin gaba kura baya sayaki, kuma abin da ya sa bai taɓa wanke kansa shi ne, hanyar da bai bi ba ba ta taɓa faɗuwa a idon kowa. Ba wanda ya ga Betts yana buga wa Snell ƙwallo a karo na uku, don haka a zukatan magoya bayan Rays, Snell ya ci wannan wasa har abada.

Amma ba a nan kaɗai gizo ke saƙa ba. Rabin ƙorafin magoya baya bai shafi lokacin da aka cire mai farawa ba, ya shafi wanda aka kira daga bulfen, kuma a wannan fanni sun fi yin gaskiya. A 1969 hukumar gasar ta amince da wani ma'auni da ɗan jaridar Chicago Jerome Holtzman ya ƙirƙiro, wanda ake rubuta wa mai jifan da ya kammala wasan da ƙungiyarsa ke gaba da 'yar tazara cewa ya tsare nasara. An yi shi ne don a yaba wa mutanen da ba a lura da aikinsu, sai ya rikiɗe ya zama shi ke juya kociyoyi. Tun daga ƙarshen shekarun 1980, lokacin da Tony La Russa ya keɓe Dennis Eckersley don zango na 9 a Oakland, al'ada ta kafu cewa gwanin bulfen ba ya shiga sai a zangon ƙarshe kuma sai ƙungiya tana gaba. Mariano Rivera na Yankees ya tara 652 na irin wannan tsaro, kuma wakilan 'yan wasa suna kafa hujja da adadin idan ana cinikin albashi. Matsalar ita ce, lokacin da ya fi hatsari a wasa ba lallai ya zo a zango na 9 ba, yakan zo a na 7 da mutum biyu a tasha da gwanin bugu a tsaye, alhali mai rufewa yana zaune yana jiran lokacin da wataƙila ba zai zo ba.

Haka ta faru da Baltimore Orioles a Toronto ranar 4 ga Oktoban 2016, a wasan da duk wanda ya faɗi ya fita. Zach Britton ya tsare nasara sau 47 cikin dama 47 a waccan kaka, kuma maki 4 kawai aka ɗora laifinsu a kansa a zango 67. Wasa ya tsaya 2 da 2 har aka shiga ƙarin lokaci, koci Buck Showalter ya yi ta kiran wasu yana ajiye Britton don lokacin da Orioles za ta shiga gaba. A zango na 11 ya sa Ubaldo Jiménez, Edwin Encarnación ya tsallakar da ƙwallo katanga aka tashi 5 da 2, Britton kuwa ya koma gida bai yi jifa ko ɗaya ba. A nan masu lissafi da 'yan gargajiya bakinsu ya zo ɗaya, abin da ba kasafai ake gani ba.

Idan aka auna daren Arlington da wannan ma'auni, a ganina kuskuren Cash ya fi bayyana a sunan da ya kira ta waya. Gaskiya ne Anderson ya yi abin mamaki a kakar 2020, inda maki 1 kawai aka ɗora masa a zango 16 da ɗoriya. To amma a wasannin sili-ɗaya-ƙwale an yi ta aiki da shi ba hutu, har yawan jifansa a watan nan guda ya kusa kamo na dukan kakar, kuma an ci maki a hannunsa a kowane wasa cikin 6 da ya shiga kafin wannan dare. Shi da kansa ya amsa daga baya cewa ya gaji, kuma a farkon 2021 aka gano jijiyar gwiwar hannunsa ta ɗan yage. Lissafin haɗuwa ta uku yana cewa ne Snell zai ɗan ragu, bai ce kowane mutum daga bulfen ya fi shi ba. Tambayar da ta kamata ita ce, tsakanin Snell da ya ɗan ragu da Anderson na watan Oktoba, wa ya fi? Kocin da ya ƙi yarda da abin da idonsa ya gani a kan Snell saboda zango biyar sun yi kaɗan a yanke hukunci, ya kuma ƙi yarda da abin da ya gani a kan Anderson na tsawon makonni uku, to ya riƙe lissafin ne ta wutsiya. Duk da haka an zaɓi Cash gwarzon kocin shekara na American League, ɗaya daga cikin ɓangarori biyu na babbar gasa, domin ana kaɗa ƙuri'ar ne kafin a shiga waɗannan wasanni, kuma ya sake lashe kambun a 2021.

Akwai kuma abubuwan da ɗan kallo ba ya gani daga kujerarsa, waɗanda suke sa hukuncin da ya yi kama da wauta ya zama tilas. Kaka ɗaya wasa 162 ce cikin kusan wata shida, kusan kullum ana fili. Mai jifan bulfen da ya yi aiki kwana biyu a jere yawanci ba a taɓa shi a na uku, kuma wanda aka tayar ya ɗumama hannu sau biyu ba a sa shi ba, shi ma ya yi aiki ko da takardar sakamako ba ta nuna ba. Koci ba ya shelanta waɗanda ba su da lafiyar shiga, don kada abokin hamayya ya sani, sai ya haɗiye zagin ya yi shiru. Sannan tun 2022 an taƙaita masu jifa zuwa 13 cikin 'yan wasa 26, abin da ya sa ƙungiyoyi ke ta kai da kawo da matasa tsakanin babbar gasa da ƙananan rukunai, har magoyin baya ya ga an miƙa wasa ga wani wanda bai taɓa jin sunansa ba sai a daren.

Tushen duk wannan shi ne gudun ƙwallo. Matsakaicin jifa mai sauri a babbar gasa yanzu ya kai kimanin mil 94 a awa, sama da kilomita 150, kuma ganin mil 100 ya daina zama abin labari. Tun suna yara ake koya wa masu jifa su zuba dukan ƙarfinsu a kowane jifa, domin da haka ake samun kwantiragi, kuma hannun da ke aiki haka ba ya kai zango 9. Tiyatar dashen jijiyar gwiwar hannu da likita Frank Jobe ya fara yi wa Tommy John a 1974, wadda ta ɗauki sunan ɗan wasan, ta zama ruwan dare, kuma takan zaunar da mutum fiye da shekara guda. Ƙungiyar da ta zuba miliyoyin daloli a hannun mutum ɗaya ba za ta bari a ƙure shi don faranta wa 'yan kallo ba, kuma sau da yawa adadin jifan da za a bar shi ya yi an tsayar da shi tun da rana a ofis, tsakanin koci da masu nazari da likitoci.

A nan ne nake ganin ainihin ciwon yake, kuma ya wuce batun cin wasa ko faɗuwa. A da mutane kan sayi tikiti ne don ganin wane zai kara da wane a kan tudu, kamar yadda ake cika dandali don manyan 'yan dambe biyu. Bob Gibson ya kammala wasa 28 shi kaɗai a 1968, Fernando Valenzuela ya kammala 20 a 1986, Jack Morris kuma ya yi zango 10 cur a wasa na 7 na World Series ta 1991 har Minnesota ta doke Atlanta da 1 da nema. Yau mai jifan da ya kammala wasa biyu ko uku a shekara yana iya zama kan gaba a gasar. A 2018 Rays ta fara buɗe wasa da ɗan bulfen Sergio Romo don ya yi zango ɗaya ya sauka, a watan Afrilun 2022 kuma kocin Dodgers Dave Roberts ya cire Clayton Kershaw a wani wasa a Minnesota bayan zango 7 da jifa 80 alhali ko mutum ɗaya bai taka tasha ba, wato saura mutum 6 ya yi abin da bai fi sau ashirin da 'yan kai aka taɓa yi ba a tarihin gasar. Kershaw ya goyi bayan kocinsa, saboda ya fito daga jinyar hannu kuma atisayen farkon kaka ya gajarta, amma wanda ya zauna cikin sanyin Minnesota yana kallo an ƙwace masa labarin da zai ba jikokinsa. Abin da ya fi kyau ga ƙungiya da abin da ya fi daɗin kallo sun raba hanya, kuma koci shi ne mutum ɗaya tilo da ake gani yana takawa zuwa tudu, don haka shi ke shan ihu a madadin ofishin da ba a gani.

Hukumar gasar ta san da wannan ƙorafi, shi ya sa a 2020 ta kafa dokar cewa duk mai jifan da ya shigo sai ya fuskanci masu bugu 3 ko ya kai ƙarshen zango, a 2023 kuma ta kawo agogon ƙayyade lokacin jifa. Waɗannan sun rage jan wasa, amma ba su dawo da mai farawa matsayinsa na da ba. Snell kuwa Rays ta miƙa shi ga San Diego a musayar 'yan wasa wata biyu bayan wancan dare, ya ci kyautar Cy Young, ta gwarzon mai jifa na shekara, karo na biyu a 2023, sannan ya koma Dodgers ɗin da ta doke shi. A 2025 bulfen ɗin Dodgers ya yi ta zubar da wasanni har magoya baya suka daina yarda da shi, sai Roberts, mutumin da ya cire Kershaw, ya jingina ga masu farawa. Yoshinobu Yamamoto ya kammala wasa biyu a jere shi kaɗai a watan Oktoba, ya fara wasa na 6 na World Series da Toronto, kuma washegari a wasa na 7, bayan Snell ya shigo daga bulfen ya yi nasa, aka miƙa masa ƙwallo ba tare da hutun ko kwana ɗaya ba, ya riƙe ta har zango na 11 da Dodgers ta ci 5 da 4.